Sifilin da Na Ƙi Aikawa

Ranar da mai unguwa ya ce ni za a ba ma'aunin ruwan sama, mutanen da ke zaune a gindin darbejiyar masallaci sun yi dariya har wani ya ƙware da goro. Ban ga laifinsu ba. A garinmu in na ce na ga maciji, sai a tambaye ni ko igiyar guga ce. In na ce na sami dami arba'in a gona, kowa ya san zai cire goma sha biyar kafin ya taya ni murna. Ni dai ban ɗauki kaina maƙaryaci ba, gishiri nake sa wa zance, hannuna ne yake da nauyi. Boko kuwa aji biyu na yi, na fito da 'yan baƙaƙe, da lambobi daga ɗaya zuwa ɗari, da tabon bulala a bayan cinya. Da wannan jarin nake ta juyawa har na haura sittin.

Mai unguwa bai ɓoye dalilinsa ba. Ya ce bayan gidana fili ne fetal, babu bishiya babu doguwar katanga, ba na zuwa cin rani, kuma ba na komawa barci bayan asuba saboda tsegumi ba ya barina.

"Ba don gaskiyarka ba ne," in ji shi a gaban kowa. "Don filinka ne."

Na ce na gode, ko banza an yabi wani abu nawa.

Malamar gona ce ta kawo abin, ana cikin zafin bazara. Mace ce mai kimanin shekara arba'in, mai gilashi, ba ta da saurin dariya. Ma'aunin roba ce fara garau, tsawonta kamar daga gwiwar hannu zuwa yatsa, bakinta kamar mazurari, jikinta da layuka da lambobi kamar sirinjin asibiti. Muka kafa turke a tsakiyar filin, ta ɗaure robar a jikinsa daidai ƙirjina yadda akuya ba za ta kai ba. Ta ce kullum ƙarfe bakwai na safe in durƙusa idona ya yi daidai da ruwan, in karanta lambar da ya tsaya, in aika da ita ta wayata zuwa wata lamba da ta ajiye mini, sannan in zubar.

"Kullum, Baba. Ko an yi ruwa ko ba a yi ba."

Na ce to. Ni kuwa "to" ba ta da tsada a wurina.

Kafin ta tafi ta nuna mini wani abu a babbar wayarta. Taswirar duniya ce, an watsa mata ɗige-ɗige kamar an zubar da riɗi a tabarma. Ta ce kowane ɗigo mutum ne kamata, ba masani ba: manomi, malamin makaranta, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta ajiye aiki. Wasu ruwan sama suke aunawa, wasu zurfin rijiya da igiya mai ƙulli, wasu kogi a jikin ƙafar gada. Har akwai ƙasar da ƙanƙara ce ke sauko musu, sai sun narkar da ita su auna. Ta ce masana suna da tauraron ɗan'adam da ke kallon gajimare daga sama, amma shi bayan hadari yake gani, ba ya ganin abin da ya sauka a gonata. Don haka suke buƙatar idon wanda ke ƙasa. In an haɗa duka, sai a riƙa aiko wa manoma saƙon murya a waya, a gaya musu lokacin shuka.

Ta ware taswirar da yatsu biyu. Ga Afirka, ga Najeriya, ga Kano. Ga ɗigo can yamma wajen Dawakin Tofa, ga wani can gabas wajen Zakirai, a tsakiyarsu kuma ga wani sabo shi kaɗai.

"Wannan kai ne, Baba."

Wallahi sai da na gyara zaman hulata. Ni da malamin aji biyu ya ce kaina dutsen niƙa ne, ga ni a taswirar duniya.

Wanda bai bar ni na ji daɗin abin ba shi ne taubashina, ɗan gwaggona. Gonarsa tana jikin tawa, layin gamba ɗaya ne ya raba mu. Ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, saboda haka bawana ne tun kafin a haife shi, ko da yake ya girme ni da damina biyu kuma bai taɓa ɗaukar mini ko buta ba. Ya zo ya zagaya turken sau uku, hannu a baya, ya leƙa cikin robar.

"To, Allah ya ja zamanin Sarkin Ruwa," in ji shi. "Gari babu kogi, sarki babu aji uku. In ka matsu da safe kada ka yi a ciki, Turawa za su ce an yi ambaliya."

Sunan ya bi ni. Har yau a kasuwa da shi ake kirana.

Abu ɗaya ne ni da shi ba ma wasa da shi, wato irin gero. Na kakanmu ne, gajeriyar zangarniya gare shi mai cika tam, furarsa tana da ƙamshin da na kasuwa ba shi da shi, kuma ya san ƙasarmu. Ba a sayar da shi ko'ina. Kowace kaka muna zaɓen zangarniyar da ta fi kyau, a sussuka daban, a gauraya da toka a zuba a tulu a liƙe bakin. Abin da ke cikin tulun yakan isa shuka biyu, ta fari da ta gyara in ta farkon ta lalace. Babu ta uku. Nawa tulun a ɗakin matata yake, ƙarƙashin gado, don ta ce in a hannuna yake zan iya kyautar da shi ga duk wanda ya saurari labarina har ƙarshe.

Ruwan farko ya sauka da yamma, mai kyau. Da safe na durƙusa gaban robar kamar mai neman gafara, na ƙirga layuka da tsinke, goma sha huɗu. Na danna ɗaya, na danna huɗu, na aika. Nan take wayar ta yi ƙara, matata ta karanta mini, don ita ta yi yaƙi da jahilci ta fi ni sanin baƙaƙe: "An karɓa, mun gode." Ranar duk wanda na haɗu da shi sai da ya ji goma sha huɗu. Abin mamaki ban ƙara ko ɗaya ba. Lambar tana da kwarjini, ba ta karɓar gishiri.

Gari ya fita shuka, ni da taubashina muka zuba rabin irinmu. Sai ruwa ya ɗauke.

Washegarin shuka na fito ƙarfe bakwai, robar babu komai sai wani ƙwaro da ya faɗa ciki. Na tsaya da waya a hannu. Na san abin da Malama ta ce, kuma na san inda sifili yake a jikin wayar, can ƙasa shi kaɗai. Amma yatsana ya ƙi.

Sai na yi bayani, don wanda bai tashi a cikinmu ba zai ce lalaci ne. A wajenmu in aka gaishe ka da damina aka ce ina ruwa, amsa ɗaya ce: ruwa ya yi gyara. Ko ya rushe maka katanga, ya yi gyara. Ko kwana ashirin ba a ga ɗigo ba gona tana hayaƙi, ya yi gyara. Ba a cewa babu. Ina yaro na ga mahaifina ya mari yayana a bakin gona don ya ɗaga kai sama ya ce "yau ma babu". Tsohon ya ce, wa ka ba ajiya da kake tuhuma? Marin nan a kumatun yayana ya sauka, amma ni ne ban manta ba. To yau ga ni da furfura, za a ce kullum da safe, ko kunu ban sha ba, in rubuta babu in aika wa mutanen da ban sani ba a bayan teku. Sai na ji kamar ƙarar Ubangiji zan kai. Na zubar da ƙwaron, na sa waya a aljihu. Na ce ai shiru ma magana ce, in ba su ji ni ba sun san ba a yi ba.

Haka na yi kwana goma sha biyu. Kullum ina fita, ina dubawa, ina dawowa. Hadari kuwa kusan kowace yamma sai ya haɗu a gabas, baƙi ƙirin, da cida da walƙiya, mata su kwashe shanya, sai iska ta taso ta wuce da shi ta kanmu. Wata rana bakan gizo ya fito ya shanye shi muna kallo. Masu dawowa daga kasuwar Zakirai suna zuwa da taɓo a tayar babur, mu kuwa shukarmu ta fari ta tsiro kamar allura, ta yi ja, ta kwanta. Ta mutu a gonata, ta mutu a gonar taubashina. Kowannenmu ya rage da rabin tulu.

Yammacin rana ta goma sha uku aka yi ɗan ruwa, irin wanda ke jiƙa bayan akuya ya bar cikinta. Da safe na sami huɗu. Na aika da ita da murna, na sami abin faɗa. Kafin hantsi ya dubi ludayi wayoyin gari suka hau ƙara. Saƙon murya ne, wani mai lafazi kamar na rediyo yana cewa damina ta zauna a yankinmu, wanda bai yi shuka ba, ko wanda tasa ta lalace, ya yi yanzu.

Ina zaune a zaure sai ga taubashina, ƙasa a yatsunsa.

"Sarkin Ruwa, ka ji abin da wayar ta ce?"

"Na ji, bawa. Gaishe ni tukuna."

"Bar wasa. Na tona gonata, danshin yatsu biyu ne. Ƙarƙashi kamar toka."

"Yatsunka nawa ne duka? Goma. Mutanen nan tauraro gare su a sama."

"Ni ba tauraro na tambaye ka ba. Robarka ce ta gaya musu?"

A nan ne ya kamata in ce masa robata kwana goma sha biyu ba ta ce uffan ba. Amma mutumin nan wata biyu yana yi mini ba'a, yau ga shi tsaye a zaurena yana tambayata kamar mai tambayar likita. Daɗin ya yi mini yawa. Na gyara zama na ce, "Wa gare su a garin nan in ba ni ba?"

Ya dube ni, ya dubi yatsunsa, ya goge su a riga. "Shi ke nan," in ji shi. Ya tafi ya fasa tulunsa.

Na shiga gida na ce wa matata ta fito da iri. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Tulun nan ba zai buɗu yau ba, Malam."

"Ba ki ji wayar ba?"

"Na ji. Na kuma tona wajen kuɓewata. Wayar ta zo ta tona mu gani."

Na yi faɗa, na yi barazanar abubuwan da ni da ita mun san ba zan iya ba, ta ci gaba da tankaɗe. Daga bayan gida ina jiyo sungumin taubashina yana sara, tim, tim, har la'asar. Taku ɗari biyu ne tsakanina da shi. Ban je ba. Na kwanta na ce bayana ke ciwo.

Da ƙasar busasshiya ce ƙayau, da irin ya kwanta ya jira ruwa, kamar yadda ake binne. Amma ɗan danshin nan ya ishe shi ya farka, bai ishe shi ya rayu ba. Bayan kwana huɗu ya leƙo jefi-jefi, bayan kwana takwas babu ko ɗaya a tsaye. Abin da bai tsiro ba tururuwa ta kwashe. Taubashina ya tashi ba shi da ƙwayar iri ko ɗaya, damina tana tafiya, gidansa baki tara.

Bai zage ni ba, abin da ya fi damuna ke nan. Mu haɗu a masallaci ya ce ina kwana, in ce lafiya, ya wuce, kamar wani baƙo mai ladabi. Shekara sittin ban taɓa jin gaisuwa mai ciwo irin wannan ba. Ni kuma ban fasa halina ba, robar babu komai, wayar tana aljihu.

Ana cikin haka motar Malama ta tsaya a ƙofar gida. Ta wuce bayan gida kai tsaye ta duba robar, ta juya ta, ta ga ba ta tsage ba. Muka dawo zaure. Taubashina ya ga motar, ya shigo ya zauna a bakin ƙofa.

"Baba, na ɗauka rashin lafiya ka yi ko ma'aunin ya fashe. Ɗigonka ya dushe kusan kwana ashirin, sau ɗaya kawai ya yi magana."

"Lafiyata ƙalau, Malama. Kullum ina dubawa."

"To me ya hana ka aikowa?"

"Ba a yi ruwa ba."

"Sai ka aiko sifili."

Na sosa ƙeya. Na ce mata, "Malama, ke ma 'yar Musulmi ce. Yaya zan tashi kullum da sassafe in kai ƙarar Mai sama wajen mutanen waje? In ce yau bai bayar ba, gobe in ce yau ma bai bayar ba? Ai shirun ya isa."

Ta cire gilashin ta riƙe a hannu. Ban taɓa ganin idonta haka ba, kuma ba fushi ne a ciki ba.

"Baba, na'urar da ke haɗa lissafin ba ta san kunya ba. In ka yi shiru ba ta ɗauka babu ba ne, ɗauka take ba ka duba ba. Sai ta tambayi maƙwabtanka. Na wajen Zakirai ya ce an yi, na wajen Dawakin Tofa ya ce an yi, tauraro ya ce ya ga hadari ya bi ta kanku. Sai ta cike maka gurbin da ruwan wasu. Da huɗunka ta zo ta ɗora a kai, ta ce damina ta zauna. Ni ma da laifina, ya kamata in kira ka tun kwana na uku."

Sai taubashina ya yi magana, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Ashe da ruwan Zakirai na yi shuka."

Da zagi ne da na rama. Wannan ban sami inda zan kama shi ba.

Daga bayan ƙyauren cikin gida sai ga muryar matata, ashe tun ɗazu tana tsaye.

"Malama, bari in tambaye shi. Malam, shekarar da aka tura ku kan tudu duban watan azumi, kai da liman, me kuka dawo kuka ce?"

"Muka ce ba mu gani ba."

"Ƙarar wa kuka kai?"

Ba ta jira amsata ba, ta ci gaba.

"An tura ka ka duba, ka duba, ka faɗi abin da ka gani. Shaida ce. Da kuka ce ba ku gani ba gari ya cika talatin, babu wanda ya ce kun yi wa Allah butulci. Amma da kun dawo kun yi shiru kun shige ɗaki, da rabin gari ya tashi da azumi rabi da koko."

Malama ta yi dariya, ranar na fara ganin haƙoranta. Ni kuwa na ce tsohuwar nan shekara arba'in tana jiran ranar da za ta kayar da ni a gaban baƙi, Allah ya ba ta.

Kafin Malama ta tafi ta ciro jan zare daga gefen gyalenta ta ɗaura a jikin robar, daidai layin ashirin. Ta ce in lissafin ruwan kwana biyu ko uku ya haɗu ya kai lambar zaren, kuma na tona ƙasa danshi ya wuce wuyan hannuna, to a yi shuka. In ɗaya ya ce e ɗaya ya ce a'a, a jira.

Motar na tashi na shiga ɗaki na jawo tulun da kaina. Wannan karon matata ba ta hana ni ba, ita ta miƙo ƙoƙo. Na shimfiɗa buhu biyu a gaban taubashina, ƙoƙo ɗaya nan, ƙoƙo ɗaya can, har tulun ya ƙare. Abin da da ƙyar zai ishi gona ɗaya, ga shi an raba wa biyu.

"Ba na karɓar sadaka daga hannun maƙaryaci," in ji shi.

Na ji sanyi a raina, bakinsa ya dawo. "Ba sadaka ba ce. Ciyar da bawa wajibi ne a kan ubangida. Amma ba za ka tafi da shi ba. Naka da nawa duk a nan za su zauna, sai ruwa ya taɓa jan zaren nan."

"Wato yanzu zare ne zai yi mini noma."

"Zare da hannunka. Ni dai an cire bakina a ciki."

Washegari ƙarfe bakwai na tsaya gaban robar, babu komai. Na ce alhamdulillahi da ƙarfi yadda duk mai saurare zai ji, sannan na danna sifilin na aika. Sama ba ta faɗo ba. Wayar ta yi ƙara: "An karɓa, mun gode." Daidai irin godiyar da suka yi wa goma sha huɗu, ba ragi. Na yi ta aika shi kowace safiya, kwana shida a jere, har yatsana ya san hanya.

Rana ta bakwai aka yi ruwa da azahar, mai ɗan ƙarfi, har indararo ya zuba. Da safe na sami takwas a robar. Zaren yana can sama yana kallona. Gari ya ruɗe, waɗanda suka sayo iri a kasuwa suka fita da sungumi. Taubashina ya faɗo gidana ko sallama bai gama ba.

"Ba ni irina."

"Takwas ne."

"Na tona, ya kai tafin hannu."

"Wuyan hannu aka ce."

"Kai, ka san watan da muke ciki? Geron nan wata uku yake so. In muka ƙara mako biyu ruwa zai ɗauke yana cikin bununi, mu ci kara. Wancan karon ka ce in shuka na shuka, yanzu ka ce kada in shuka. Kai wane irin annoba ne?"

Gaskiya ce yake faɗa, kuma na san ta. Jira ma yana kashe gero. In na riƙe irin nan damina ta wuce mu, na kashe masa shekara sau biyu da hannuna. Amma wancan karon daɗin baki na bi, wannan karon abin da idona ya gani nake bi. Na zauna a kan buhunan biyu na harɗe ƙafa.

"Sai dai ka ɗaga ni."

Ya gwada, wallahi ya gwada. Tsofaffi biyu suna kokawa a tsakar gida, kaji suna watsewa, matata tana cewa in mun gama mu share mata wurin. Muna haki wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Mai muryar rediyon nan ne, ya ce ruwan da aka samu a yankinmu bai kai na shuka ba, a ƙara haƙuri.

"Ka ji," na ce. "Yanzu da ruwanmu yake magana."

Ya yi tsaki ya fita.

Kwana huɗu suka biyo baya, sifili huɗu. Ban ci abinci da daɗi ba ko sau ɗaya. Rana ta biyar, Juma'a, muna fitowa daga masallaci gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak. Babu wanda ya ce komai, kada a kori ruwan da baki. Kafin la'asar ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya yi ta yi har magariba.

Da safe ban jira bakwai ba, na tsaya gaban robar ina kallon agogon waya har ta cika. Jan zaren yana cikin ruwa. Ashirin da bakwai. Na ƙirga sau biyu, na aika, na ruga gona da gudun da gwiwoyina suka yarda da shi. Na tarar da taubashina durƙushe a tasa gonar, hannunsa a cikin ƙasa har kusan gwiwa. Ya zaro shi ya ɗaga mini, baƙi da laka.

"Sarkin Ruwa, nawa?"

"Ashirin da bakwai."

"In cire goma sha biyar?"

"Je ka duba da idonka, ban zubar ba."

Bai je ba. Ya ce in kawo iri.

Kwana biyu muka yi, gonarsa tukuna sannan tawa. Shi yana sara da sungumi, ni ina bi ina zubawa ina rufewa da diddige. Da can tsunkule ake yi a watsa a rami ba lissafi, wannan karon ƙwaya biyar biyar, don matata ta ƙirga ta ce haka ne kawai zai kai. Ya kai, da ragowar da ba ta cika tafin hannu ba. Waɗanda suka shuka a ruwan takwas, na wasu ya tsira na wasu ya ƙone. Ba zan ce duk sun yi asara ba, na daina irin wannan, a kan ruwa dai.

Geronmu ya tashi a makare, ya yi bununi muna kallon sama, ruwa ya riƙe mu har ya cika ido. Bai kai na shekarun albarka ba, amma baki taran nan sun ci tuwo daga rumbunsu har wata damina. Dami nawa aka ɗaure, ba zan faɗa ba, don na san abin da za ku cire. Ku tambayi taubashina.

Bayan an gama girbi ya shigo da kwando a ka, zangarniya zaɓaɓɓiya, ya dire a gaban matata, ba a gabana ba. Ya ce na tulu ne, kuma a ci gaba da ɓoye shi inda ba zan kai ba. Da zai fita ya tsaya wajen turken, ya gyara jan zaren da ya ɗan zame.

Damina uku ke nan robar tana bayan gidana. Ba ranar da ɗigona ya sake dushewa, har da rani, da ba a tambaye ni ba. In muka haɗu da safe a hanyar gona taubashina yakan ce, "Sarkin Ruwa, ina ruwa?"

In ce, "Ya yi gyara."

"Nawa ne gyaran?"

"Sifili."

Ya ce madalla, ya saɓa fartanyarsa mu wuce.